Ɗigo Huɗu a Littafin Yaya Bilyamin

Injiniya Zarami yana shagonmu lokacin da bam ya tashi a tasha. Kati ya zo a buga masa, kuma mun kusa awa guda muna fama da haruffan da ke bin bayan sunansa, don sun fi ƙarfin katin. Na ce a cire biyu. Ya ce ai ba a bola ya tsinto su ba, in rage girman sunan garin.

Sai da ƙasa ta girgiza sannan muka ji ƙarar. Silin ya zubo mana da ƙasa a ka, gilashin injin fotokwafi ya tsage. Da na ɗago, Injiniya na ƙarƙashin tebur, babbar rigarsa kaɗai ta rage a waje. Madam Nguavese, mai shagon, 'yar Tibi ce da ta shekara ashirin a Potiskum, ta janyo ƙofa rabi, ta ce kar wanda ya motsa, ita kuma ta fita.

Ni Gumsu, a aji uku na sakandare karatuna ya tsaya, shekarar da aka fara ƙone makarantu. Na zo wajen Madam na koyi buga takardu. Yayana Bilyamin yana wata kwaleji da ba zan faɗi sunanta ba, kuma Injiniya ne ke koya musu lissafi da kwamfuta. Da alli yake koyarwa. Ya kwafo daga littafi ya rubuta a allo, su kwafe a nasu littafin, ɗakin kwamfutocin kuwa a kulle yake tunda babu man janareta. Bilyamin ne ya sa wa laftof ɗin shago wata manhaja mai suna Octave don ya riƙa gwada aikinsa. Idan ya tafi sai in zauna in buga abin da ke takardunsa, ta zage ni da jan rubutu, in gyara, ta sake zagina. A haka na iya. Kafin shekara rabin 'yan ajinsu ni nake yi wa aikin gida, Injiniya yana ba ni maki da sunaye daban-daban.

Madam ta dawo da takalmi ƙafa ɗaya. Ta ce 'yan sintiri sun kama Bilyamin a shingen Dogo Nini da jaka a baya, sun ga wani zane a littafinsa, kuma har an kawo taya.

Na san zanen. Jiya da la'asar ya yi shi a gabana da rula. Aikin gidan Injiniya ne: lissafi mai gaɓa uku, kowace gaɓa da dokarta. Na cire laftof daga caji, na buɗe ta, na ɗora a ka kamar farantin talla, don a ranar duk wanda ya riƙe jaka ya gama yawo. Madam ta kamo hannun rigar Injiniya. Ya ce yana da taro ƙarfe sha ɗaya. Ta ce masa ɗalibinsa ne, kuma idan bai taso ba za ta gaya wa 'yan sintiri wanda ya ba da aikin zanen. Ya taso.

An hana babur, da ƙafa muka tafi. Wani mutum ya wuce mu a guje, rigarsa na hayaƙi, bai sani ba. An jera mutum uku a amalanke, ƙafar ɗaya tana jan ƙasa. Wata mata tana zaune a bakin kwata tana tambayar duk wanda ya wuce ko ƙarfe nawa, jini na fitowa daga kunnuwanta. Takalma ko'ina, babu wanda ya dace da ɗan'uwansa. Injiniya ya toshe hanci da hankici.

A shingen mutane sun fi ɗari. Bilyamin na ƙasa, an ɗaure shi da igiyar akuya, taya a wuyansa. Idonsa na hagu ya rufe, kunnensa ya tsage har ƙasa. An taka hannunsa na dama an buga da gora, yatsu biyu suna kallon inda bai kamata ba. Duk wanda ya iso sai ya ba shi nasa kason kafin ya tambayi abin da ya yi. Wani dogo mai jar hula yana riƙe da galan ɗin fetur.

Shugaban 'yan sintirin Baba Maigandi ne, mahauci, a wajensa muke sayen nama tun muna yara. Ƙanensa yana lodi a tasha, kuma har lokacin ba a gan shi ba. Littafin na hannunsa. Ya nuna mini shafin ba tare da ya gaishe ni ba, ya karanta mini yadda jama'a suka karanta. Layin da ya lanƙwasa ya hau sama, hanyar Yindiski ce. Miƙaƙƙen da ke sama, kasuwa. Wanda ya gangaro, hanyar Mamudo. Ɗigo biyu baƙaƙe, wuraren da aka riga aka tayar da bam, kuma a watan nan sau biyu aka tayar. Ɗigo biyu masu rami a ciki, waɗanda suka rage.

Na ce lissafi ne, ga malaminsa nan. Aka turo Injiniya gaba. Ya gyara hula ya yi Turanci na kusan minti biyu, har da sunan wani Bature da ya mutu tuntuni. Baba Maigandi ya jira ya gama, sannan ya tambaye shi ɗigo mai rami me yake nufi. Injiniya ya ce wannan sai an koma ofis an duba littafi. Mai jar hula ya buɗe murfin galan.

"Baba," na ce, "ka riƙe zanen, kar in gani. Ka ba ni layi ukun nan na rubutu da ke ɗaya shafin. Idan lissafi ne, injin nan zai fito da zanen da kansa."

Ya dube ni, ya dubi laftof ɗin. Ya yage shafin rubutun ya miƙo mini.

Na durƙusa na ɗora laftof ɗin a kan buhun yashi. Rana ta kashe hasken allon, ba a ganin komai. Madam ta ce wa Injiniya ya buɗe hannuwa. Ya tsaya a kanmu da babbar rigarsa a baje, shadda mai tsada, ta yi mana inuwa mai kyau. Tun da na san shi, ranar ce na ga ya yi aikin da ya shafi kwamfuta.

Na buga. Daga sifili zuwa ƙasa da biyu, lamba sau kanta. Daga biyu zuwa ƙasa da biyar, bakwai cak, ba hawa ba sauka. Daga biyar zuwa takwas, tara a ɗebe lambar. Na manta alamar baka ɗaya a rubutun, ta zage ni da ja, jama'a suka yi guna-guni don sun ga ja. Na gyara. Na ce ta zana.

Ta zana. Amma saboda sauri a jere ɗaya na ba ta lambobin gaba ɗaya, ita kuma halinta ke nan, duk ɗigo biyu da ta gani kusa sai ta ja layi ta haɗa su. Inda Bilyamin ya bar fili tsakanin huɗu da bakwai, ta kafa tsani. Inda ya kamata a faɗo daga bakwai zuwa huɗu, ta ja gangara. Layi ɗaya ya fito daga farko har ƙarshe, babu yanka, babu ɗigo.

Baba Maigandi ya ɗora takardar kusa da allon. Ya ce ba iri ɗaya ba ne. Ya ɗaga kai ya tambayi Injiniya wanne ne daidai.

Injiniya ya leƙo ta saman hannun rigarsa. Ya ce a ilimance kwamfuta ba ta kuskure, na allon shi ne daidai, kuma shi bai taɓa koya wa wani ɗalibi ya yi waɗannan ɗige-ɗigen ba.

Mai jar hula ya juye galan ɗin a kan Bilyamin. Fetur ya shiga tsagaggen kunnen, ya yi wani kuka da ban taɓa ji daga bakin mutum ba. Wani ya kai masa dutse a haƙarƙari. Ana tambayar wa ke da ashana. Madam ta je ta tsaya a kansa, ƙafa ɗaya a kowane gefe, fetur na jiƙa mata zani, ta ce duk mai ashana ya fara da ita, ta ga wanda zai buga wa 'ya'yansu takardar jarrabawa. Wani ya mare ta, ba ta gusa ba.

"Baba, kuskurena ne," na ce. "Injin nan ba ya ganin rami. In ka ba shi naman tunkiya da na akuya a faranti ɗaya, ɗinke su zai yi ya ce dabba ɗaya ce. Ba ni minti biyu in raba masa."

"Ɗaya," ya ce.

Na yanka lambobin kashi uku. Na ce ta zana na farko, ta riƙe shi, kar ta goge. Ta zana na biyu a kai, sannan na uku. Na sa ɗigo mai rami a ƙarshen na farko da ƙarshen na biyu, baƙi a farkon na biyu da farkon na uku. Layi uku suka fito, kowanne a wurinsa, fili a tsakaninsu.

Baba Maigandi ya ƙirga ɗigon da yatsa, a takarda, a allo, ya sake ƙirgawa. Ya tambaye ni abin da ya tambayi Injiniya. Na ce mai rami shi ne inda layin ya zo har bakin lambar amma bai taka ta ba, baƙin kuma inda ya taka. Sai ya ce ta yiwu hoto ne dama na ajiye a ciki. In mayar da bakwai ɗin nan uku ya gani.

Na mayar. Layin da suka ce kasuwa ce ya sauko ƙasa da ɗigonsa biyu. Ya ce in mayar da shi goma. Ya hau sama.

"Kasuwa ba ta tashi," in ji shi.

Ya zaro wuƙarsa ta aiki, ya ture mai jar hula da kafaɗa, ya yanke igiyar, ya cire tayar da kansa. Ba kowa ya yarda ba. Na baya ba su ga allon ba, suna ihu an sayi Baba Maigandi, wani ya samu ya ƙara wa Bilyamin ƙafa a baki, haƙori ɗaya ya fita. Baba Maigandi ya tsaya da wuƙar a hannu har muka ɗora Bilyamin a amalanke. Muna juyawa wani ya zo ya yi wa Baba Maigandi magana a kunne game da ƙanensa. Ya zauna a kan buhun yashin, littafin na kan cinyarsa. Ban koma karɓa ba.

Sati guda Bilyamin yana warin fetur, duk da sabulun da muka ƙarar. Yatsun biyu ba su miƙe ba har yau, da hagu yake rubutu, kunnen kuma an ɗinke shi a karkace. Yana nan da ransa, yana cin tuwo da gefe ɗaya.

Injiniya ya dawo karɓar katinsa bayan kwana goma. Na ji yana ba wani kwastoma labarin yadda ya ceci ɗalibinsa daga wuta da ilimin lissafi. Na buga zanen mai gaɓa uku a takarda mai kyau, na rubuta sunan Bilyamin a sama, na haɗa masa da katin, tunda littafin ya tafi kuma ranar miƙa aiki ta wuce. Takardar ta dawo da huɗu bisa goma. A ƙasa, da jan biro, ya rubuta cewa ba a haɗa layukan ba.