Turu a Ƙofar Tabawa

"Ku danne mishi ƙahwa!" in ji Arzika. "Kai, riƙe hannun ga da kyau!"

Ina tankaɗen gari na ji hayaniyar, na leƙa ta kan katanga da rariya a hannu. Wasu ƙarti sun kwantar da Kalla a tsakar gidan maƙwabciyata Tabawa, ga gungumen icce mai rami a tsaka an ajiye a gefe. Turu ne, irin wanda ake zura ƙafar mai taɓin hankali a ciki a kafe. Kalla bai yi kokawa ba, yana dai kallon sama yana surutunsa da Faransanci.

Sai ga Tabawa ta fito daga ɗaki da rarrafe. Matar da tari ya kwantar tun kaka, wadda ko zama sai an tallafe ta. Ta ja jiki har ta iso, ta kwanta a kan ƙafafun ɗanta.

"Sai dai ku haɗa da tawa," ta ce.

Arzika yayan mijinta ne, daga Azarori ya zo da turun a amalanken jaki. Ya tsuguna kusa da kanta.

"Tabawa, ki ji tsoron Allah. Jiya tsakar kwalta anka ɗauko shi, babbar motar kamyo ta kusa take shi. Ke ba ki iya tashi, ni ga damana ta taho. Wa ka tsaron shi?"

"Ni ka tsaron shi."

Tari ya sarƙe ta, muka jira har ya sake ta. Arzika ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa.

"Na ji. Muddin kina lumhwashi ba ni taɓa shi."

Ya sallami ƙartin, amma bai tafi da turun ba. A ƙofar gida ya jingine shi.

Kalla shi ne ɗan lakwal, wato ɗan makarantar boko, da unguwarmu ta Madawa take taƙama da shi. Tun yana ƙarami matan nan suke kiransa kumandan gobe. Shekarar fari ubansa ya tafi bida, wato ci-rani, can Abija, ba a sake jin ɗuriyarsa ba, yaro ya ɗora wa kansa cewa in bai ci jarrabawar fita kolej ba gidansu ya mutu. Barci ya ƙaurace masa, ya rame, ya fara magana shi kaɗai. Wata safiya ya miƙe a aji ya kama karatu da ƙarfi, ya ƙi yin shiru, har aka rako shi gida. Matan da suke masa kirari su ne suka fara janye 'ya'yansu in ya wuce. Wata ta ce iska ce, wata ta ce sammu, wata ta ce ai karatun Nasara haka yake cinye kai. Bakinsu ya fi ƙarfin aikinsu, don ban ga wadda ta kai wa Tabawa ko ludayin kunu ba.

Mutum ɗaya ne daga lakwal bai yar da shi ba, malaminsu Mushe Yosefu mai koyar da lissafi, Kirista, ɗan wani ma'aikacin asibitin mishan. In an tashi sai ya jingine kekensa a zaure ya zauna da Kalla. Shi ya karɓo masa ƙwayoyin barci wurin likita. Ya kuma ce in an yi babban hutu zai kai shi Yamai da kansa, inda ake duba masu irin wannan ciwo.

"Amma Inna, kinin kaɗai bai isa ba," ya ce wa Tabawa a gabana. "Ku riƙa yi mishi magana. Muryarku shika bukata."

Tabawa ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Mushe, ɗan hwari na. Ko sunanshi ban taɓa kira ba. Da wane ido ni ka zama hira da shi?"

Gaskiyarta. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta hira da shi, ba ta nuna tana sonsa. Ta iya kwanciya a kan ƙafarsa gaban maza, amma buɗe baki ta yi masa magana ya gagare ta.

Washegari ina wanke-wanke na ji an ce, "Cima!"

"Na'am."

"Ki ce ma yaron ga tuwo na hucewa."

Na ɗaga kai. Tabawa tana kwance a tabarma ƙofar ɗaki, Kalla yana zaune gindin rumbu, tsakaninsu ko tsawon taɓarya bai kai ba. Na kusa yin dariya. Na dai daure na ce, "Kalla, an ce tuwo na hucewa."

Ya dubi kwanon. Sai ya ce, "Inna Cima, ki ce mata na ji." Ya jawo kwanon.

Shi ke nan na samu aiki ba albashi. Daka nake, ko tatsar akuya, sai in ji "Cima!" Ta ba ni labarin ranar da ta haife shi, da yadda ya cije ta ranar yaye, da ƙyandar da ta kusa ɗauke shi. Duk ni ake gaya wa, ni da na san rabin labarin tun tuni. Tuwona ya sha ƙonewa, maigidana ya sha mita. Amma Kalla ya fara cin abinci, ya fara barci, ya rage fita kwalta. Wata rana har ya ce in tambaye ta ko ta sha magani.

Kowace ranar kasuwa Arzika zai yi sallama, ya tsaya bakin ƙofa.

"Tabawa, ya jiki?"

"Da sauƙi, Yaya."

Ba zan ce yana jiran mutuwarta ba, don yakan kawo mata gero da nono. Amma ni dai na tsani wannan gaisuwa, kuma ita ma Tabawa ta san numfashinta ake aunawa da ita. In ta ji tsayuwar amalankensa sai ta ce in tayar da ita zaune, in ɗaura mata kallabi. Ta riƙa cusa fura da ƙarfin tsiya, ta amayar, ta sake sha. Kullum tambayarta ɗaya ce in Mushe Yosefu ya zo: yaushe ne hutun? Shi kuma ya ce ya kusa, Inna, ya kusa. Ban taɓa ganin mai ja da mutuwa irin Tabawa ba, kuma ba don kanta take yi ba.

Ranar da aka yi ruwan shuka, da hantsi, ta kira ni. Muryar ta ba ni tsoro, don haka na zagaya na shiga gidan na durƙusa a gefenta. Kalla yana gindin rumbu.

"Koma bayan katanga," ta ce. "In kina nan ba ni iyawa."

Na koma na tsaya inda na saba, na dafa jiƙaƙƙen gini.

"Cima, ki ce mishi ba ciwonshi ya kashe ni ba, tari na. Kar wani shi ce mishi shi na."

Na faɗa.

"Ki ce mishi na so in kai hutun."

Na faɗa.

"Ki ce mishi in sunka zo da iccen kar shi yi kokawa. Su kan karya mutum."

Wannan kam na kasa faɗa. Na yi ta kuka kamar yarinya. Kalla ne ya ɗago kai.

"Inna Cima, bar shi. Ki ce mata na ji."

Kafin azahar ta cika. Ni na rufe mata ido.

Bayan sadakar uku Mushe Yosefu ya zo ya roƙi Arzika ya bar masa yaron a gidansa zuwa hutu. Arzika ya saurare shi har ƙarshe.

"Mushe, mun gode, Allah shi saka. To in kana aji wa ka tsaron shi? In mota ta take shi, mi ni ka ce ma ubanshi?"

Na ce to a bar mini shi. Ya ce, "Cima, kin yi ƙoƙari, amma yaron ga yana da dangi." Mushe Yosefu ya miƙa masa sauran ƙwayoyin a ƙulle cikin tsumma, ya yi masa bayanin yadda ake sha. Arzika ya jefa a aljihu yana kallon hadari.

Da safe aka ɗora turun a amalanke tare da tukwanen Tabawa da tabarmarta. Ba a kira ƙarti ba. Kalla ya hau da kansa ya zauna. Na bi su a ƙasa da ƙwaryar fura, ina cewa zan raka su bakin kwalta.

Hanyar ta gaban kolej ɗin su Kalla take bi. Muna isowa aka busa usur, yara sun yi layi cikin kaki za a ɗaga tuta. Zamanin soja ne, in tuta tana hawa kowa sai ya tsaya inda yake. Arzika ya ja linzami, masu keke suka sauka, ni ma na sauke ƙwaryata.

Kalla ya miƙe tsaye a kan amalanken, tsakanin tukwane, ya haɗe dugadugansa ya saki hannuwa a gefe. Leɓɓansa suna bin waƙar da yaran suke rerawa. Jakin yana ta kaɗa kunne yana korar ƙuda.