Ƙarfe Goma a Bakin Shinge

Ranar Laraba da hantsi aka zo da mota aka tafi da tsoho Kazimir mai zuma, kuma duk ƙauyen Asinauka mutum ɗaya ne ya san dalili. Maƙwabcinsa ne, Yazef Lukic, ƙaramin hafsa a sojan ruwa, wanda ya yi shekara goma sha tara yana sa rigar teku bai taɓa ganin teku ba.

Wannan kam ba laifinsa ba ne. Ƙasarmu ba ta da gaɓa, amma hukuma ta ga dama ta kafa tashar sojan ruwa a tsakiyar dajinmu. Aka dasa dogayen turakun ƙarfe masu soke gajimare, aka ja wayoyi a tsakaninsu. Sau biyu a rana, goma na safe da huɗu na yamma, tashar take aika alamar lokaci, don jiragen da ke kwance a ƙarƙashin teku su daidaita agogonsu. Yazef yana cikin masu wannan aikin. Ya sa hannu a takarda cewa ko matarsa ba zai gaya wa ba, ya kuma cika alkawarin har da gyara. In Zosiya ta tambaye shi ko ya gaji, sai ya dube ta kamar ta nemi taswirar yaƙi.

Mako biyu kafin zuwan motar, ya shiga gidan Kazimir aron tsani, ya tarar da wani littafi a buɗe a kan benci. Kwanan wata ne a jere, kowanne da lokaci a gabansa: goma zuwa goma da minti arba'in da bakwai, huɗu zuwa huɗu da minti arba'in da bakwai. Wasu ranakun an ja musu layi, kuma su ne daidai ranakun da ake kashe injin tashar don gyara. Ya buɗe baya, ya ga abin ya kai shekara goma sha biyu.

Da wani ne, ƙila da ya tambaya. Amma Kazimir ne mutumin da yake ɗaga murya a kanti, gaban mata masu layin burodi, ya ce, "Ku ba Sarkin Ruwa hanya, jirginsa zai tashi daga gonar dankali!" Yazef ya koma gida da tsanin, ya zauna ya rubuta wa sashen tsaro shafi ɗaya da rabi. Ya gaya wa kansa aikin ƙasa yake yi. Rubutun ya yi kyau ƙwarai, kamar yadda yakan yi in kishin ƙasa da haushi suka riƙe alƙalami ɗaya.

Alhamis ranar hutunsa ce. Ya fito ya tarar Zosiya tana ɗaura ɗankwali, da sandar kiwo a jingine da ƙofa. A Asinauka duk gidan da ke da saniya yana da ranarsa ta kora garken ƙauye gaba ɗaya zuwa kiwo. Yazef bai taɓa yin ranar gidansu ba, don a ganinsa mai riga irin tasa ba ya bin bayan shanu. Zosiya ke yi.

Ya ce, "Ai ba ranarmu ba ce."

"Ranar gidan Kawu Kazimir ce. Inna Bronya ce za ta bi shanu sittin da waɗannan gwiwoyin nata? Kai dai zauna ka tsare sirrin gwamnati, kada kaji su tsince."

"Zan bi ki."

Ta tsaya da ɗaurin ɗankwalin. "Kai? Ka ma san ta wane gefe saniya take cin ciyawa?"

Bai san abin da ya sa ya faɗa ba. Abin da ya sani, ba zai iya wuni yana kallon tagar gidan Kazimir ba.

Wurin kiwon yana can bayan fadama, ya yi iyaka da dajin tashar. Wata tsohuwar wayar shinge ta bi gefensa, mai tsatsa, doguwa har ido ba ya ganin ƙarshenta. Amyoyin Kazimir suna jere a kusurwa. Bronya, matar tsohon, ta riga su zuwa, tana zaune a kan kututture, idanunta a kumbure.

Ta ce, "A'a, yau da babban baƙo. Ɗana, teku ta ƙafe ne?"

"Ina kwana, Inna."

"Kwana dai. Jiya na bi su har gari. Ba su bar ni na gan shi ba, ko maganin zuciyarsa ba su karɓa ba. Wani yaro mai tauraro a kafaɗa ya ce gobe Juma'a za a wuce da shi babban birni." Ta share hanci da gefen zanenta. "Shekararsa saba'in da ɗaya. Wanda aka kai can da waɗannan shekarun, a akwati yake dawowa."

Yazef ya dubi agogon hannunsa don ya sami wurin ajiye idonsa. Goma saura minti biyar. A daidai lokacin shanun da ke kiwo a jikin shingen suka ɗaga kai, suka juya ɗaya bayan ɗaya, suka yi tsakiyar fili ba wanda ya kore su.

Zosiya ta ce, "Mutanenka sun kusa farawa."

"Waɗanne mutane?"

"Haba, Yazef."

Goma ta cika, wayar ta fara kuka. Ƙugi ne siriri, dogo, da mutum yake ji a haƙoransa kafin kunnensa. Yazef ya tsaya ƙiƙam. Ya san wannan jerin kamar yadda ya san sunansa, amma a ɗaki mai ƙofar ƙarfe ya san shi, bayan masu gadi biyu, ba a bakin wayar da aka ɗaure da tsumma ba.

Zosiya ta ce, "Saura kaɗan ta fara ƙwanƙwasa," tana yanka burodi. Wayar ta fara ƙwanƙwasa. "Daga nan sai ta yi sauri-sauri kamar gyare. In ta yi shiru, sha ɗaya saura kwata ta ɗan gota. Da ita duk matan nan suke saita agogo, ta fi rediyo gaskiya."

"Tun yaushe kuka san wannan?"

"Ni dai tun ina da cikin Halina. Ranar da na jingina da ita ta cije ni a baya."

"Shi ne ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Ai sirri ne. Kai ka ce."

Bronya ta yi wata gajeriyar dariya da ta ƙare da tari. Ta ce, "Shi ya sa nawa tsohon yake rubutawa. In waya tana kuka, ƙudan nan haukacewa suke yi, ba mai buɗe amya. Sai ya riƙa rubuta ranakun da take hutawa, wai ya gano ranar da zai cire zuma cikin kwanciyar hankali. Littafin nan suka ɗauka. Wani ɗan banza ne ya gani ya kai, Allah ya shanye masa hannun da ya yi rubutun."

Zosiya ta ce, "Amin."

Bronya ta miƙa wa Yazef burodi da kitsen alade a kai. "Ci, ɗana. Ka yi fari fat, ba ka saba da iska ba."

Ya karɓa da hannun hagu. Ya gutsura yana taunawa. Ba wanda ya san shi ne. Zai iya zama a nan har yamma, ya kora shanu gida, gobe ya sa rigarsa ya tafi aiki, mota ta wuce da tsohon. Ya yi wannan tunanin sosai, har wayar ta yi shiru, kuma ya san ya yi shi. Sannan ya ajiye sauran burodin a kan kututture, ya ce yana zuwa, ya nufi ofishin sashen tsaro.

Kyaftin Belik na sashen tsaro saurayi ne mai tsabta, kuma Kazimir ne ɗan leƙen asiri na farko da ya taɓa kamawa, saboda haka bai so labarin ba. Ya ce, "Shanu? Yazef Lukic, ka sha wani abu ne?"

"Yallaɓai, a zo a gani da ido. Ƙarfe huɗu."

Huɗu saura kwata motar kyaftin ta tsaya a bakin fadama. Ba su kaɗai ba ne. Mata sun ga motar ta bi hanyar kiwo, suka biyo ta da bokitan tatsa a hannu, sun kai goma sha biyar. Shanu suka juya a kan lokacinsu. Wayar ta fara. Kyaftin ya saurara, ya dubi agogonsa, ya sake saurarawa, sannan ya yi abin da duk mai ilimi yake yi, ya kai yatsa ya taɓa. Ya fizge hannun yana yarfewa. Wata daga baya ta ce, "Sannu, ɗan nan. Haka take gaisawa da baƙi."

Kyaftin ya ce, "Su wa suka san wannan?"

Bronya ta ce, "Duk mai saniya. Gida sittin da uku. Sai shanun."

Kyaftin ya yi lissafi. Ana iya aika tsoho ɗaya babban birni a sami yabo. Gida sittin da uku da garken shanu kuwa, wanda ya aika su shi za a fara tambaya inda yake duk shekarun nan. Ya juyo kan Yazef, ya cire yatsansa daga baki, ya yi magana da ƙarfi yadda kowa zai ji, kuma da gangan ya yi.

"Kai ka kawo mini rahoton nan, Yazef Lukic. Shafi ɗaya da rabi, da sa hannunka. To, ba ni da ikon sakin mutum sai wanda ya kai ƙararsa ya janye. Ga takarda, ga kan mota. Rubuta cewa ka ga littafin zuma ka ce na abokan gaba ne."

Ba abin da ake ji sai wayar. Yazef ya karɓi alƙalamin, ya sunkuya a kan ƙarfen motar mai zafi. Wannan karon rubutun bai yi kyau ba. Yana jin idanun matan a ƙeyarsa, har da na waɗanda ya saba wucewa a hanya yana amsa gaisuwarsu da kai.

Bronya ta tako a hankali, tana dafa sanda. Ta ce, "Ɗana, wane rahoto yake faɗa?"

Yazef ya ci gaba da rubutu. Ta dubi Zosiya. Zosiya ta sunkuyar da kai, ta ɗauki sandar kiwo, ta nufi shanun duk da lokacin tashi bai yi ba.

Ba a wuce da Kazimir ranar Juma'a ba. Ranar Asabar ya dawo a motar haya ta rana, Yazef yana tsaye a tasha tun safe. Tsohon ya sauko da ƙyar, ba igiya a takalmansa, yana riƙe da wando da hannu ɗaya don ba su mayar masa da bel ɗinsa ba. An riga an gaya masa, a fuskarsa ake gani. Ya dubi Yazef sama da ƙasa.

Yazef ya ce, "Kawu, ni..."

"Riƙe mini jakar nan."

Suka bi titin ƙauyen tun daga farkonsa, tsohon a gaba yana jan takalmi, Yazef a baya da jaka. Titin Asinauka ɗaya ne, kuma dogo ne. Kowane gida da mutum a jikin danga. Suna yi wa Kazimir barka da dawowa, suna kiran sunansa, wata ta miƙo masa ƙwai a ƙyalle. Wanda ke bayansa kuwa kallonsa kawai suke yi har ya wuce.

A ƙofar gida Bronya ta rungume mijinta, tana kuka tana yi masa faɗan bai sa hula ba. Ta shigar da shi, ta dawo ta karɓi jakar daga hannun Yazef ba tare da ta ɗaga ido ba, ta ja ƙyauren ta sa sakata.

Ya daɗe a tsaye kafin ya taka 'yan takun da ke tsakanin gidajen biyu. Abincinsa yana kan tebur a rufe da faranti, da cokali ɗaya. Ta taga ya hango Zosiya a bayan gida, zaune a kan tarin itace, ta juya wa ɗakin baya tana cin nata.