Azumin Fulmati a Cikina

Zazzaɓin kala-azar ya kama matata Fulmati bayan damina. Saifarta ta kumbura, fatarta ta yi duhu, bakinta ne kaɗai bai rame ba.

Likitan asibitin gundumarmu ya ba ta ƙwayoyi. Ya ce asali don ciwon daji aka yi su, daga baya aka gano suna kashe wannan cutar. Amma kullum za ta sha, da abinci a ciki, ba fashi.

"Wato abin da ya kasa a can shi aka jefo wa talakan jiharmu ta Bihar," in ji ta a hanya. "Kamar yadda aka jefo mini kai."

Tana sha tana zagi har bikin Chhath na bautar Rana ya zo. Tun shekarar da ɗanmu Guddu ya tsira daga ƙyanda ta yi wa Rana alwashin azumin bikin kowace shekara, ba ci ba sha, dare da rana. Wanda ya fara kuwa ba ya dainawa sai wani a gidan ya karɓa. Ta tura ƙwayoyin ƙarƙashin gado.

Na ce, "In kika yi fashi, cutar za ta dawo ta kashe ki."

"Likita ne ya raya Guddu? So kake in karya alwashi yaron ya mutu, ka gaji rabonsa na shinkafa."

"To ki ba wani ya karɓa."

"Wa? Ƙanwarka da ko tukunya ba ta iya wankewa?"

"Ni."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Kai, Baban Guddu? Kai da ko mai soya samosa ba ka iya wucewa?"

Haka na karɓi azumin. Ranar ƙarshe ta bikin, da hudowar rana, ina tsaye cikin tafki ruwa har ƙugu a tsakiyar matan unguwa, riƙe da faifan ayaba da rake da ake miƙa wa Rana, cikina yana kukan da kowa ke ji. Maza a bakin ruwa suna tambaya ko sari zan ɗaura baɗi.

Fulmati tana zaune a gaɓa. Ta yagi gurasa ta tauna a hankali, ta haɗiye ƙwayarta, idonta a kaina.

"Ɗaga faifan. Rana ba ta ganin komai sai tumbinka."

Ta warke. Azumin kuwa, ta ce abin da aka karɓa ba a mayarwa.