Kukan Cikin Ɓawo

Shekara ashirin da biyu ya yi yana tura gadon marasa lafiya a asibiti, har 'yan unguwa suka laƙaba masa Likita, alhali ko allura bai taɓa yi wa kowa ba. Abin da ya iya shi ne jin kuka. Ko abinci yake ci, in wani ya yi nishi a ƙarshen baranda, sai ka ga ya ajiye cokali ya nufi wurin. Da gwiwarsa ta gaji aka sallame shi, sai ya sayi mataccen firji a wurin mai gyara, ya sa masa gulob biyu da 'yar fanka da farantin ruwa a ƙasa, ya yanka ƙofar ya liƙa gilashi mai faɗin tafin hannu biyu. Ya ce ƙwai zai riƙa ƙyanƙyashewa yana sayar da 'yan tsaki.

Ɗakin da ya ajiye firjin na matarsa ne, a nan take ɗinki. Ta fitar da kekenta baranda ta ce, "Na ba ka aro sau uku, Malam. In na ukun bai yi ba, kafin ruwa ya sauka zan koma ɗakina, kai da firjinka ku san inda dare ya yi muku."

Zubin farko wuta ce ta ɗauke kwana biyu, ƙwan suka huce. Wannan bai dame shi sosai ba, ya nemo tsohon batirin mota ya haɗa. Na biyun ne ya tsaya masa a rai, don da hannunsa ya yi ɓarnar. Tsohuwar da yake sayen ƙwai a wurinta ta gargaɗe shi cewa daga kwana na sha takwas ba a buɗe ƙofa, sai an gama fitowa. In iska ta shiga, danshin ciki ya gudu, yanar da ke ƙarƙashin ɓawo sai ta bushe ta naɗe ɗan tsakon da ya fara huda, ya kasa juyawa. Ya ji ta sarai. Amma ranar fitowa wani ɗan tsako ya maƙale yana kuka, kafin ya yi tunani hannunsa ya riga ya buɗe. Ya daɗe yana ɓare masa ɓawo, ƙofa a hangame. Wancan ɗin ya rayu. Talatin da takwas suka mutu da bakinsu a waje.

"Garin gyaran gira ka rasa ido," in ji tsohuwar, tana lissafa masa ƙwan zubi na uku. "Ɗana, kaza da kanta ba ta ɓare musu. Kai ka fi uwarsu tausayi ne?"

Ƙwai sittin ya zuba. Ya rubuta wa kowanne lamba da fensir, yana juya su sau uku a yini. Ranar bakwai da tsakar rana ya toshe taga da bargo, ɗakin ya yi duhu, ya riƙa ɗora ƙwan ɗaya bayan ɗaya a bakin tocila. Kowanne sai ya yi ja kamar rana ta kusa faɗuwa a cikinsa. Ga jijiyoyi sun yi rassa irin na bishiya, ga wani ɗigo baƙi yana lilo a tsakiya, ba ya sauri, ba ya tsayawa. Likita ya manta da gwiwarsa. Ya ji kamar shi ma a cikin wani ɓawon yake, ɗumi ya kewaye shi, ƙarar keken matarsa tana zuwa masa daga nesa kamar bugun zuciyar wani babba da yake kwance a jikinsa. Bai san tsawon zamansa ba sai da tocilar ta dushe.

Ranar ashirin da ɗaya da hantsi suka fara fitowa. Yana zaune kan kujera 'yar tsugune, goshinsa a jikin gilashin. Ɗaya ya tsaga ɓawo ya faɗo jiƙe sharkaf, ya kwanta kamar wanda ya sha doguwar tafiya. Wani ya biyo. Sauran suna ta motsi a hankali, wasu da 'yar huda kamar ƙwayar gero.

Sai ga yayansa, mai sayar da katako, ya leƙo yana kaɗa makullin mota.

"Likitan kaji, an fara karɓar haihuwa ke nan?"

"Sannu da zuwa, Yaya. Don Allah ja ƙofar, kada iska."

"Iska ma an hana ta shiga? To, madalla." Ya sunkuya ya leƙa, ya yi dariya. "Ka ji, maganar nan tana nan. Mai gadina zai tafi ƙarshen wata. Kujera ce da inuwa, ba mai mutuwa a hannunka. Mutum da furfurarsa ya zauna yana kwanci kamar kaza!"

"Kazar ma ai haƙurinta ne ya ba ka ƙwan da ka ci da safe."

"Oho dai. In firjin ya sake cinye su, ka san hanyar shagona."

Yayan bai daɗe da fita ba kukan ya tashi. Daga kusurwar baya ne, ƙwai mai lamba sha bakwai. Ya huda, ya zuro baki, amma bai ci gaba da tsagawa ba kamar sauran. Bakin yana buɗewa yana rufewa, kukan siriri, ba ya yankewa.

Likita ya ga hannunsa a kan mariƙin ƙofa. Bai tuna lokacin da ya ɗora shi ba.

"Malam." Matarsa ce a bakin ɗaki, da zare a leɓenta. "Me hannunka yake yi a nan?"

"Ba ki ji ba?"

"Na ji. Tun daga baranda nake ji."

"Minti ɗaya ne. In ciro shi in rufe."

"Wancan karon ma minti ɗaya ka ce."

Ya janye hannun ya matse shi tsakanin gwiwoyinsa. Ya ƙirga waɗanda suka huda ba su fito ba: ashirin da shida. Babu mai kuka a cikinsu, aikinsu kawai suke yi cikin duhunsu. Ya tambayi kansa, shin wanda ya yi kira ya fi wanda ya yi shiru haƙƙi ne? Idan ya buɗe, tausayi ne, ko kuwa kunnensa ne yake son ya huta? Idan kuma bai buɗe ba, don ashirin da shidan ne, ko don ɗaki, da kunyar zama a ƙofar shagon Yaya? Ya duba zuciyarsa, ya tarar duk a cakuɗe suke, ba ya iya tsince ɗaya daga ɗaya.

"Da mutum ne fa?" ya ce, ba tare da ya juyo ba.

"Da mutum ne, da ni zan riga ka buɗewa. Kuma da mutane ne su ma sauran, ai da ka tsaya ka yi tunani." Ta cire zaren daga bakinta. "Tashi ka zaga kasuwa, ni zan zauna. Abin da kunne bai ji ba..."

"A'a. In ba zan taimake shi ba, ba zan kuma gudu in bar shi ba."

Ta dube shi jim kaɗan, ta fita, ta dawo da riga da allura ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙofar firjin, tana sa maɓalli.

"Ɗumi nake ji," ta ce. "Bayana ke ciwo."

Ya san ba bayanta ba ne, ƙofar take tsarewa.

Haka suka yini. Rana ta ratso gefen bargon ta ja layi a bango, layin yana hawa a hankali. A bayan gilashi ɓawo yana ta rabuwa, waɗanda suka bushe sun zama kamar auduga mai ƙafa, suna tattaka 'yan'uwansu, suna barci a tsaye. Gyangyaɗi ya ɗauke shi, ya ga kansa yana tura gado a wata baranda mai tsawo wadda ba ta da ƙarshe, gadon cike da ƙwai masu haske, kowace ƙofa ya wuce ana kiransa daga ciki, shi kuwa ba halin ya saki gadon. Ya farka kukan yana nan, sai dai ya yi ƙasa. Wajen la'asar ya riƙa zuwa yana ɗaukewa. Kafin magariba Likita ya kasa kunne ya kasa, bai ƙara rarrabe shi daga hayaniyar sauran ba.

Washegari da safe ya buɗe. Arba'in da tara ya kwashe cikin kwali, suna ta ɗumi a tafin hannunsa. Sannan ya ɗauko na sha bakwai ya fita da shi haske. Ya ɓare shi a hankali da farce. Cikakken ɗan tsako ne, ga gashi, ga 'yan ƙafafu a naɗe, babu abin da ya rage masa. Ya jujjuya shi yana neman wata nakasa da za ta ce masa ko an taimaka ba zai rayu ba. Bai samu ba.

Ya haƙa rami a gindin katanga ya rufe shi. Da ya dawo ya tarar da matarsa a baranda da tef ɗin awo, tana auna daga ginshiƙi zuwa bango.

"Kwanon rufi huɗu zai rufe nan, ruwa ba zai taɓa kekena ba," ta ce. "Ka gaya wa Yaya katako muke so, ba kujerar gadi ba."

Ya tsaya yana kakkaɓe ƙasa daga hannunsa.

"Da ya rayu, kin sani. Da na buɗe, da ya rayu."

"Na sani, Malam."

"To?"

"To, riƙe min bakin tef ɗin nan. Kuma ka wanke hannu kafin ka taɓa min yara, tun ɗazu suke neman ruwa."