Saƙon Yelwa Daga Tarabulus

Igiyar ruwa ta taso ta mari takalman Kashim, ya ja da baya a guje.

"Kai! Wannan kogi ba shi da tsallake ne?"

Abokansa sojoji suka kwashe da dariya. Ranar hutu ce a shekarar 1943, an fito da su daga bariki su ga kufan Rumawa a bakin teku, yamma da Tarabulus. Ginshiƙan farin dutse na tsaye ba rufi, kamar haƙarƙarin wata dabba da ta mutu tun zamanin annabawa.

"Ba kogi ba ne, ɗana. Bahar ne."

Ya waiga. Wata baƙar tsohuwa ce cikin farin mayafin Larabawa, zaune kan karyayyen ginshiƙi tana sayar da dafaffen ƙwai.

"Iya, Hausa kika yi?"

"Kai ɗan ina ne?"

"Azare."

Ƙwan da ke hannunta ya faɗa cikin yashi. "Azare ta kusa da Katagum?"

Hausarta ta yara ce, tana tafe tana tuntuɓe, Larabci na tallafarta. A nan Mabruka ake kiranta, amma sunanta Yelwa. Shekararta bakwai aka yi yunwa, ubanta ya miƙa ta ga ayarin Larabawa, suka sauke masa gero. Ubangidanta ya daɗe da mutuwa, ba mai riƙe da ita yanzu, sai dai ba ta san hanya ba.

"Ina da wa a Katagum, Jalo. Ka ce masa Yelwa tana nan. Ba na son komai, ya dai aiko da takarda ya ce ya tuna ni. Mai kantin bakin masallaci zai karanta mini."

Kashim ya durƙusa a yashi ya yi mata alkawari, yana kuka kamar uwarsa ya tsinta.

* * *

Sai bayan shekara uku aka sallame shi. Kwanansa biyu a Azare ya ari jaki ya nufi Katagum.

Gidan Malam Jalo ba ya ɓata, shi ne mai zauren da aka shafe da farar ƙasa. Mata na ta daka a ciki, za a kai jikarsa aure gidan hakimi ran Juma'a. Dattijon na kishingiɗe cikin abokansa.

"Soja, lale! Ka kashe mana Bajamushe nawa?" in ji wani, aka yi dariya.

"Malam, saƙo na kawo daga ƙanwarka Yelwa. Na gan ta da idona a Tarabulus."

Malam Jalo ya gyara zama a hankali.

"Ƙanwata ruwa ya ci ta tana ƙarama. Duk garin nan an sani."

"Wallahi Malam, tana raye. Ta ce lokacin yunwa ne aka..."

"Yaro!" Malam Jalo ya katse shi. "Gidanmu ba a taɓa sayar da ɗa ba, ba mu kuma da baiwa a dangi. Mu 'ya'ya ne tun kaka da kakanni."

"Ai haka suke dawowa," wani ya ce, yana taɓa kansa da yatsa. "Ƙarar bindiga ce."

Kashim ya tashi ya fita. Yana kwance jakinsa a bayan katanga sai ya ji takun sanda. Malam Jalo ne, shi kaɗai, yana waige-waige.

"Ɗan yatsanta na hagu," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ya miƙe?"

Kashim ya tuna hannun da ya saki ƙwai. "A lanƙwashe yake."

"Ni na sare ta da lauje, muna wasa." Hawaye ya gangaro ya shige gemunsa. Ya share da hannun riga, ya dubi ƙofar da baƙi ke shiga da ƙoren biki. "In maganar nan ta kai gidan hakimi, auren yarinyar nan ya mutu. Kada ka sake taka ƙofata."

* * *

Ran kasuwar Azare, Kashim ya zauna gaban malamin da ke rubuta wa mutane wasiƙa da Larabci. Malamin ya tsoma alƙalami a tawada, ya jira har ta bushe, ya sake tsomawa.

"Soja, akwai mutane bayanka. Me za a ce mata?"

Kashim ya ga tsohuwar a ransa, kullum tana leƙa kantin nan tana tambaya.

"Rubuta: Iya, na je Katagum. Na tarar duk sun rasu."