Kwana Tara na Malam Halliru

A gidanmu ba a ambaton sunan Halliru. Kakana ne, ya tafi aikin hajji a 1974, daga Jidda ya aiko wasiƙa cewa ya sami aiki a jirgin ruwa zuwa Dubai, shi ke nan. Wani ɗan Fagge mai bakin tsiya ya dawo ya ce ai Halliru ya auri Balarabiya. Baba yana da shekara tara lokacin. Ya girma da wannan maganar a ƙirji, jikoki goma sha ɗaya bai yarda an mayar wa ko ɗaya sunan ba, kuma ban taɓa jin ya sa shi a addu'a ba.

Ni kuwa Allah ya yi ni da naci. Shekara uku ina aikin kago, wato jigilar kaya, a Al Buteen nan Dubai, kullum sai na wuce katangar wata tsohuwar maƙabarta da aka daina binnewa a ciki. Gaskiya ba ƙaunar kakan ce ta kai ni ofishin rajistar mamata ba, so nake in ga ƙarshen mutumin da ya mayar mini da uba haka. Sau huɗu ina zuwa ana ce mini gobe.

A zuwa na biyar wani dattijon ma'aikaci ya juyo mini da fuskar kwamfuta. Hoton tsohon littafi ne, rubutun hannu. Halliru Sabo, ɗan Najeriya, zazzaɓi. Na duba ranar, na ciro hoton wasiƙar a wayata na sake dubawa. Ya rubuta cewa jirginsu zai iso ran uku ga wata. An binne shi ran sha biyu ga wannan watan.

"Kabarin fa?" na tambaya.

"Habibi, na lokacin ba lamba. Yana cikin maƙabartar dai, khalas, shi ke nan."

Na fito na zauna bakin ruwa, raina a ɓace. Haushin ɗan Faggen nake ji, ga shi ya daɗe da mutuwa balle in je in same shi. Tsoro kuma nake ji, don ban san abin da zan bar wa Baba ba idan na ƙwace masa fushin shekara hamsin. Sai bayan la'asar na kira shi, na karanta masa layin yadda yake.



"Ɗalhatu," ya ce, "an rubuta wanda ya kawo shi?"

"An rubuta, Baba. Ma'aikatan asibiti."

"Ba ɗan'uwa ko ɗaya?"

"Babu."

Na ji yana gyaran murya, sau biyu.

"Ranar da kakarka Inna za ta rasu ta ce in yafe masa," ya ce. "Na ce mata a'a."