Karkatacciyar Kalmasa

Motar ta maƙale a cunkoson shataletalen Circle. Madam Hamdia ta sake ƙirga kawunan ɗalibanta daga kujerar baya. Ɗankwali ashirin da huɗu, duka rawaya mai ɗigon kore. Sun cika.

Yau ce ranar farko da aka ba ta amanar fita da 'yan aji ɗaya, za su je ganin teku. Masta Braimah, shugaban makarantar, ya ce tunda Asabar ce kowa ta sa kayan gida. Wannan ne ya hana Hamdia sukuni duk makon. Yaya za ta gane nata a cikin jama'a?

Wata uku ke nan tana koyon ɗinki a shagon Anti Damata a unguwar Maamobi, har yanzu layinta bai miƙe ba. Ta roƙi ragowar ƙyalle mai haske, Anti ta ba ta leda guda. Kwana huɗu tana taka keke, ta kalmashe bakin ɗankwali ashirin da huɗu. Da zaren rawaya ya ƙare mata, ta ƙarasa da baƙi.

Idonta ya tsaya kan ƙeyar yarinyar da ke gabanta. Bakin ɗankwalin a miƙe yake sambal, ɗinki siriri, ko'ina daidai. Hannunta bai taɓa yin irin wannan ba.

Ta taɓa kafaɗarta. Yarinyar ta juyo. Hamdia ba ta taɓa ganin fuskar nan ba.

"Wace ce ke?"

"Mariatu." Ta leƙa taga. "Ina mamata? Ba mu kai unguwar Madina ba?"

"Madam, mun ɗauka sabuwa ce," in ji wadda ke gefenta.

Hamdia ta miƙe har kanta ya bugi rufin motar. Ta bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Babu Amama.

Amama, wadda aka kawo daga ƙauye a arewa wata biyu da suka wuce. Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, Twi, yaren mutanen garin, kuwa ko ɗaya. Da safe uwarta, mai dakon kaya a kasuwar Nima, ta sauke kwanonta ƙasa, ta ɗora hannun yarinyar cikin na Hamdia, ta ce, "Madam, ita kaɗai ne gare ni."

Sai a lokacin Hamdia ta tuna ɗaya trotron, motar haya irin tasu, da ke tsaye a bakin titin Nima, bayan tasu, mata na ta shiga da kulolin abinci.

"Masta." Ta ɗaga murya. "Masta, babu Amama."

Masta Braimah ya juyo daga gaba. "Kin ce mini sun cika."

"Ɗankwali na ƙirga."

Ya cire tabarau, ya dube ta, ya mayar.

Ta kira Anti Damata. Wayar ta yi ƙara har ta katse. A karo na biyu aka ɗauka, ƙarar keke na tashi.

"Mai gudun aiki, yau teku ya fi mu?"

"Anti, ƙyallen nan rawaya, na wa ne?"

"Yayin Hajiya Samiratu mana, kayan bai ɗaya na sunan jikanta. Mata talatin na ɗinka wa, har da ɗankwalin yaransu. Yau ne ma sunan, a Madina."

"Ragowar yayi kika ba ni?"

"Ke kika ce kina son wanda ido zai hango daga nesa."

Hamdia ta faɗa mata. Keken ya tsaya.

"Ajiye wayar, bari in nemi Hajiya."

Masta ya ce wa direba ya juya Madina. Direban ya nuna motocin da suka kewaye su ta ko'ina. Yaran sun bar waƙa. Mariatu ta fara kuka a hankali, Hamdia ta ɗora ta a cinya. A ranta tana ganin tashar Madina, ƙafafu, buhuna, masu tura kura, da Amama tsaye a tsakiya ba ta iya faɗin ko sunan unguwarsu ba.

Minti tara kafin wayar ta yi ƙara.

"Sun isa tasha, suna saukowa," in ji Anti. "Ga Hajiya a ɗaya wayar. Ta ce yaransu sun cika, babu baƙuwa."

"Su ma ɗankwali suka ƙirga."

"Hamdia, mata talatin ne, ba kowa ta san 'yar kowa ba. Kowace na zaton ta wata ce. Na ce su kira sunanta, babu wadda ta amsa."

"Ba za ta amsa ba, tsoro take ji." Hamdia ta dubi ɗankwalin Mariatu. "Anti, ki ce kada yarinya ɗaya ta motsa. Su juya bakin kowane ɗankwali. Nata a karkace yake, rabi da baƙin zare."

Ta ji Anti na maimaitawa da ƙarfi. Masta Braimah ya juyo gaba ɗaya yana kallon bakinta. Mai sayar da ruwa ta ƙwanƙwasa gilashi, ba wanda ya kula ta.

"Kalmasar ta farko tawa ce," in ji Anti. "Ta biyu ma. Ta uku..." Ta saurari ɗaya wayar. "An ce akwai guda da ta yi gaba, tana bin wata mai kaya a kai. Sun bi ta."

Hamdia ta runtse ido. Tana jin bugun zuciyar Mariatu a hannunta.

"Baƙin zare," in ji Anti. "Sun riƙe ta. Uwar wadda ke hannunki kuma yanzu ta gane 'yarta ba ta nan, ga ihunta nan ina ji."

Hamdia ta ɗaga wa Masta kai. Ya sauke numfashi, ya juya gaba.

"Ku je ku yi musaya," in ji Anti. "Hajiya kuma ta ce in tambaya, wa ya yi wannan ɗinki a shagona?"